Yasar Rijiya a Katagum

Kawuna ne ya aiko cewa za a yashe rijiyar gidanmu ta Katagum kafin ruwa ya sauka, yana so a yi da ni. Na bar Azare da hantsi cikin motar haya, zafin bazara kamar zai tsaga kai. Tafiyar ta kusa kilomita 70. Mu mutanen Azare mukan manta cewa sunan masarautarmu sunan wani gari ne daban: Malam Zaki ya kafa Katagum a farkon ƙarni na 19, can sarakuna suka zauna har 1916, lokacin da aka dawo da fada Azare. Da muka doshi kogin Jama'are, tun kafin mu hango fadama muka fara jin ƙarar injinan ban ruwa, kowane yana tofar da hayaƙinsa.

Na tarar masu yasa sun iso. Babbansu dattijo ne, tafin hannunsa duk kantar igiya. Bai bar kowa ya shiga ba sai da ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta a hankali. Duk muka leƙa. Harshen wutar ya ɗan rage, ya yi rawa, sannan ya tsaya.

"In ta mutu, ba mai sauka," in ji shi.

Ni da nake koyar da kimiyyar sinadarai na ga awo ne sosai yake yi, domin wuta da mutum iskar oksijin ɗaya suke nema. Gardama ta tashi ne da samari suka kawo injin fetur don janye ragowar ruwan. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, sai suka ce a zura shi ciki. Ɗayansu ya ce ai fitila ta ci. Dattijon ya girgiza kai.

"Yaro, hayaƙin inji ba ya kashe fitila, mutum yake kashewa."

Na ce, "Baba, wa ya koya maka wannan?" Ya ce jana'iza.

Gaskiyarsa. A cikin hayaƙin akwai iskar kabon monoksaid, ba launi, ba wari, kuma ɗan kaɗan ɗin da zai kayar da ƙato bai isa ya girgiza harshen fitila ba. Dalilin yana cikin jininmu. Abin da ya sa jini ja wani zobe ne na sinadari mai suna fofirin, da ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsa, ita ke kama oksijin a huhu ta kai wa gaɓoɓi. Kabon monoksaid ya fi oksijin manne wa ƙarfen nan sama da sau 200. In ya zauna, ba ya tashi da wuri. Sai ciwon kai, sai jiri, sai ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, wanda ya sauka ceto shi ma ya faɗi a kansa.

Wannan halin na fofirin, kwaɗayin kama iska, shi masana suka ga za a iya mora a wajen jiki. Tun 1929 Hans Fischer na Jamus ya haɗa zoben jinin a ɗakin gwaji, ya samu kyautar Nobel a 1930. Yau ana zuba garin fofirin, mai launin shunayya, cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska ƙaf, a ɗumama shi har ya tashi ya zama tururi, ya sauka a kan gilashi mai sanyi. Shimfiɗar da yake yi ta fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, kuma da yake ba a jiƙa shi da komai ba, tana fita tsaf, ba gauraye. In iska mai guba ta taɓa ta, ko launinta ya sauya, ko nauyinta ya ƙaru ƙanƙani, na'ura ta karanta. A canza ƙarfen tsakiyar zuwa kobalt ko zinki, sai iskar da ta fi kamawa ta canza. Da haka masana a Jami'ar Tor Vergata ta birnin Rum suka ƙera abin da suke kira hancin lantarki, a 2000 kuma Kenneth Suslick na Jami'ar Illinois a Amurka ya nuna ɗigo-ɗigon fofirin da ke sauya launi gwargwadon tururin da ya bi ta kansu. Yawancin wannan aiki yana ɗakunan bincike har yanzu. Ƙararrawar kabon monoksaid da ake sayarwa ta gida da wata dabara take aiki. Amma ina ganin bincike ne da ya dace da mu, mu masu rijiya da janareta da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, ga jami'ar jiha a Gadau. Ina fatan ɗalibansu su waiwayo nan.

An bar inji a sama, aka kwashe ruwa da guga, aikin ya kai washegari.

Daren nan ne hankalina ya fi tashi. Da aka ɗauke wuta, sai na ga an tayar da janareta a lungun da ke jikin ɗakin yara, tagarsu a buɗe saboda zafi. Na samu kawu a kan tabarmarsa.

"Kawu, abin da Baba ya hana a rijiya, ga shi muna yi a gida."

Ya yi shiru, sannan ya ce in an kai shi waje ɓarayi ne matsalar. Muka nemo sarƙa da kwaɗo, muka ɗaure shi jikin darbejiyar ƙarshen tsakar gida, nesa da tagogi, aka ƙara waya. Da safe kafin in kama hanyar Azare, mun yi magana da mai walda kan kejin ƙarfe da za a yi masa a wurin, na bar kuɗin rodi.