Agolan Da Ba A Yi Wa Ta'aziyya Ba

Ni ba malami ba ne, atamfa nake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Kuskurena zan ba ka labari, ko Allah zai sa ka kauce masa.

Gobarar watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a kasuwar nan, har da na wani abokina mai sayar da takalma. Tun daga nan bai ƙara lafiya ba, kafin shekara ta zagayo Allah ya karɓi abinsa. Ya bar mace da ɗa mai shekara 6. A 2018 na auri matar, ta tare a gidana a Fagge tare da yaron.

To, fa! Yaro ya zame mana ƙarfen ƙafa. Ga fitsarin kwance, ga dukan 'ya'yan uwargida, ga ƙin cin abinci. Na ce ya kira ni Baba, ya kafe sai dai Kawu. Malamin Islamiyya ya aiko sau uku, wai da an yi la'asar sai a neme shi a rasa. Masu ba da shawara suka ce halin agola ke nan, bulala ce maganinsa. Na dake shi, ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe mini.

Rannan wani ɗan dako ya ce yana ganinsa kullum a layin 'yan takalma. Na bi sawu, na same shi zaune da jakar littattafansa, yana fuskantar shagon ubansa, wanda aka sake ginawa har wani ya kama haya.

Na ce, "Kai, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Kawu, Baba nake jira. An ce ya yi tafiya."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe ranar rasuwar gidan kakarsa aka tura shi, aka rufe shi da wannan magana. Ba wai bai ji ana cewa marigayi ba, ya ji, amma babu babban da ya zaunar da shi ya faɗa masa. Duba fa, ɗan'uwa: mu manya an yi mana zaman makoki, uwarsa ta yi takabar wata 4 da kwana 10 ana ta ba ta haƙuri, shi kuwa ko ta'aziyya ba wanda ya yi masa. Baƙin cikin da bai sami baki ba shi ne ya fito ta hannu da shimfiɗa.

Daga baya malaminsa ya tuna mini cewa Manzon Allah (SAW) ya riƙi agola, Umar ɗan Abu Salama, bayan ya auri Ummu Salama. Da hannun yaron ya riƙa yawo a akushi, koya masa ya yi cikin taushi, ba tsawa. Kunya ta kama ni.

Daren nan ni da uwarsa muka faɗa masa gaskiya. Ya yi kuka har ya shiɗe. Ranar Juma'a na kai shi maƙabarta ya ga kabarin, muka yi addu'a. Ba zan ce ya shiryu nan take ba, fitsarin ma sai da ya ƙara watanni. Amma gudun makaranta ya tsaya.

Yanzu shi ke auna wa mutane yadi a shagona ranar Asabar. Har yau Kawu yake ce mini, ni kuma ina amsawa.