Mai Tsara Waƙa da Mai Rera Ta

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana. Na daɗe ina ganin babu fagen da wannan karin magana ya fi dacewa da shi kamar fagen waƙa, inda wani ke tsarawa, wani kuma ya rera.

A Italiya an yi wani mai tsara kiɗa, Luciano Berio, wanda ya auri mawaƙiya Cathy Berberian, 'yar Amurka, a 1950. Muryarta ya riƙa dubawa yana tsara ayyukansa, irin su Circles na 1960. A Sequenza III kuwa har dariya da tari da gunaguni ya saka, domin ya san maƙogwaronta zai iya mai da su waƙa. Aurensu ya mutu a 1964, amma aikinsu tare ya ci gaba. Ta rasu a 1983, kuma har yau ba a ambaton waɗannan ayyuka sai da sunanta.

Mu ma muna da irin wannan haɗin gwiwa, sai dai ba mu yi masa adalci ba. A Potiskum na tashi, kuma ba a littafi na fara sanin Imfiraji ta Aliyu Namangi ba. A bakin wani makaho na ji ta, kusa da kasuwar shanu, yana jan baiti, ɗan jagoransa na amsawa. Inda ya ga dama ya ja numfashi, inda ya ga dama ya sassauta murya, har mahauta da dillalai su yi tsit. Da na karanta ta a makaranta daga baya, da muryarsa na karanta. Namangi ya tsara a Zariya, amma irin wannan bawan Allah ne ya kai ta kunnen talaka.

Haka abin yake ga Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. A cire kalangu da 'yan amshi, me zai rage na armashin waƙarsa? Amma ɗalibai nawa ne za su iya kawo sunan makaɗinsa ko ɗaya?

Shata ya rasu a 1999, kuma waɗanda suka yi masa amshi suna ta ƙarewa. Ya kamata ɗaliban Hausa su nemi sauran da ke raye, su ɗauki muryoyinsu, su rubuta sunayensu, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.