Zamanin da Aka Kasa Kunne ga Sama

A watan Afrilun 1960, a wani kwari mai suna Green Bank a jihar West Virginia ta Amurka, wani matashin masanin taurari ɗan shekara 29, Frank Drake, ya juya faifan sauraren rediyo mai faɗin mita 26, ya saita shi kan taurari biyu da ke maƙwabtaka da ranarmu, Tau Ceti da Epsilon Eridani. Zangon da ya zaɓa shi ne megahaz 1420, wanda iskar haidirojin ke fitarwa a ko'ina cikin sararin samaniya. Hujjarsa mai sauƙi ce: duk wata halitta mai hankali da ta ƙera rediyo dole ta san wannan zango, to in har tana neman a ji ta, nan za ta yi magana. A 1959, Giuseppe Cocconi da Philip Morrison sun kawo wannan shawara a mujallar Nature. A ranar farko, da aka karkata faifan zuwa tauraro na biyu, sai ga alƙalamin na'ura yana ta rawa a kan takarda, ƙara tana shigowa bi da bi. Zukata suka yi ta bugawa. Daga baya aka tabbatar jirgin sama ne ke wucewa.

Wanda bai san wancan zamani ba zai yi wuya ya gane irin ɗokin da ake ciki. A lokacin ba a taɓa ganin duniya ko ɗaya tana kewaya wani tauraro ban da ranarmu ba, amma masana masu mutunci suna ganin amsa na iya zuwa cikin rayuwarsu. A 1961 mutum kamar goma suka taru a Green Bank ɗin, cikinsu har da Carl Sagan yana saurayi, Drake ya rubuta musu lissafin nan nasa a kan allo: taurari nawa ake haifa, nawa ke da duniyoyi, a nawa rai ya ɓulla, a nawa ya yi hankali, kuma shekara nawa al'umma mai fasaha kan yi kafin ta hallaka. A 1971, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, masanan Amurka da na Tarayyar Soviet suka zauna tare a Byurakan ta Armeniya a kan wannan magana ɗaya. A 1974 aka aika saƙo mai ɗigo 1679 daga babban faifan Arecibo zuwa wani cincirindon taurari da haske kan yi shekara kusan 25,000 kafin ya isa. Sannan ga daren 15 ga Agustan 1977, lokacin da na'urar Big Ear ta jami'ar jihar Ohio ta kama wata ƙara mai ƙarfi ta daƙiƙa 72. Kwanaki bayan haka Jerry Ehman yana duba dogayen takardun da kwamfuta ta buga, layi-layi na ƙananan lambobi, sai ya ci karo da 6EQUJ5. Ya zagaye su da jan biro, ya rubuta kalmar mamaki a gefe. An koma wannan kusurwa ta sama sau da dama, ba a sake jin ta ba.

Tun kafin a ƙera rediyo, tambayar nan ta daɗe a hannun masu gardamar addini. A 1794 Thomas Paine, cikin littafinsa The Age of Reason, ya yi amfani da ita ya kai wa Kiristanci hari: in duniyoyi masu halittu suna da yawa haka, ta yaya za a ce Mahalicci ya zo wannan ƙaramar duniya kaɗai ya mutu don fansar mutanenta? Malamin coci ɗan Sikotilan, Thomas Chalmers, ya mayar masa da martani a jerin wa'azozin da aka buga a 1817, inda ya karɓi yawan duniyoyi hannu bibbiyu, ya ce ƙarin shaida ne na girman Ubangiji. Sai kuma a 1853 William Whewell na Kambirij, shi ma malamin coci, ya rubuta cewa mai yiwuwa mu kaɗai ne, David Brewster, wani mai riƙo da addini, ya taso masa da littafi guda yana cewa sam ba haka ba ne. Abin lura a nan shi ne masu imani sun rabu gida biyu, marasa imani ma haka. Wanda ba ya son addini, in aka ce masa sama cike take da halittu sai ya ce to ɗan Adam ba kowa ba ne. In aka ce masa fayau take sai ya ce to rai haɗari ne kawai da ya auku sau ɗaya. Mai imani kuma yana da amsarsa a kowane hali. Hujjar da take yi wa mutum aiki ko an samu ko ba a samu ba, ni a ganina, ba daga na'urar hangen nesa ta fito ba. Da ita ya zo daga gida.

Mai karatu musulmi ya kamata ya san cewa sukar Paine ta shafi wata aƙida ce takamaimai, ta zaman Allah mutum da fansar zunubi, don haka ba kowane addini take bugu ba. A ɓangarenmu, Fakhruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210, ya yi wa masana falsafar da suka ce duniya ɗaya ce tak raddi, ya ce babu abin da zai hana ikon Allah halittar dubban dubban duniyoyi bayan wannan. Akwai kuma aya ta 29 a Suratus Shura da ke maganar halittu masu motsi da aka watsa a sammai da ƙasa, wadda masu tafsiri suka yi saɓani a kan abin da take nufi. Ina ganin wajibi ne a bar saɓanin nan yadda yake. Masu gaggawar cewa littafi ya riga ya faɗi abin da kimiyya ba ta ma gano ba tukuna suna ɗaure imaninsu ne a jikin sakamakon binciken da zai iya juyawa gobe.

Duk waɗannan zaruruwa sun haɗu a littafi guda a 1985, wato ƙagaggen labarin Contact na Carl Sagan, wanda Robert Zemeckis ya mayar fim a 1997, Jodie Foster ta fito a matsayin Ellie Arroway. Saƙo ya zo daga wajen tauraron Vega. Da fari jerin lambobin nan ne da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya, abin da babu tauraron da zai iya ƙirgawa da kansa. A ƙarƙashinsu aka tarar da hoton talabijin na Hitila yana buɗe wasannin Olamfik na Balin a 1936, wato baƙin sun maido mana da abin da suka fara ji daga gare mu. A can ƙasa kuma ga tsarin yadda za a ƙera wata na'urar yin tafiya.

Zargi biyu aka yi wa wannan labari, kuma an shekara da shekaru ana tafka su. Na farko, wai Sagan ya fake da baƙin sama ne don ya zagi addini. Masu wannan magana suna da abin nunawa, musamman a fim ɗin, inda wani mai wa'azi mai tsattsauran ra'ayi ya tarwatsa na'urar da bam, sannan kwamitin zaɓe ya ƙi tura Ellie saboda ta kasa cewa ta yi imani da Allah. Gaskiya ne Sagan ya ce bai ga hujjar da ta gamsar da shi ba, kuma bai ɓoye haushinsa da masu cin kasuwa da sunan wa'azi ba. Amma wanda ya karanta littafin har ƙarshe ya san inda aka kai Ellie. Ta yi tafiyar, ta ga abin da ta gani, ta dawo ba ta da shaida ko ƙwaya ɗaya. A wurin waɗanda ke kallo daga waje na'urar ba ta motsa ba. Matar da ta ƙare rayuwarta tana ce wa masu imani su kawo hujja, ga ta a gaban masu tuhuma tana roƙon a yarda da abin da idonta ya gani. Wanda ya fi kowa fahimtar halin da ta shiga kuwa shi ne Palmer Joss, mai wa'azi. A babin ƙarshe ma Sagan ya sa an tarar da wata alama a can cikin lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, alamar da ba wata halitta da za ta iya sakawa, sai wanda ya tsara lissafin kansa. Wasu marasa addini sun ji zafin wannan ƙarshe fiye da yadda masu addini suka ji zafin farkon.

Akwai abin da fim ɗin ya yar wanda har yau nake jin takaicinsa. A littafin mutum biyar ne suka shiga na'urar: Ba'amurkiya, da ɗan Soviet, da Ba'indiya, da ɗan Sin, da Abonnema Eda, masanin kimiyyar fiziya ɗan Najeriya kuma musulmi, wanda Sagan ya nuna a matsayin mafi hazaƙa a fanninsa. Marubucin da ake cewa ba ya ganin mai addini da gashi shi ne ya zaunar da mai salla a kujerar wakilan 'yan Adam. Masu fim suka rage biyar ɗin zuwa mutum ɗaya, gardamar ta koma ta Amurkawa su kaɗai.

Zargi na biyu shi ne wai babu sabon abu a labarin. Nan ma akwai ƙanshin gaskiya. Tun a 1961 Fred Hoyle da John Elliot suka yi wa BBC wasan A for Andromeda, inda saƙon rediyo ya zo daga sama ɗauke da tsarin ƙera kwamfuta. A 1972 James Gunn ya fitar da The Listeners, labarin masu saurare a Arecibo da rikicinsu da wani shugaban addini, har da baƙin da ke maido mana da tsofaffin shirye-shiryen rediyonmu. Haɗa malamin coci da halittun sama kuwa Arthur C. Clarke ya yi shi a gajeren labarinsa The Star a 1955, James Blish ya yi a 1958. Har kotu maganar ta je: kwanaki kaɗan bayan rasuwar Sagan a Disambar 1996, mai shirya fim Francis Ford Coppola ya shigar da ƙara cewa tushen labarin wani shirin talabijin ne da suka taɓa tsarawa tare, kotu ta yi watsi da ita.

Mu da muka tashi da Magana Jari Ce bai kamata wannan gardama ta ruɗe mu ba. Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da labaran Indiya, da tatsuniyoyin Turai, amma wa zai karanta shi ya ce ba a ƙasar Hausa aka haifi aku da Waziri ba? Haka Umaru Dembo, da ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, bai ƙirƙiro tafiya sararin samaniya ba, amma shi ya ɗauki yaro Bahaushe, Kilba, ya kai shi can. Tafiya wata kanta Lucian ya rubuta ta da Girkanci tun ƙarni na biyu. Tambayar da ta dace a yi wa marubuci ita ce me ya yi da abin da ya ara. Hoyle ya yi labarin tsoro da gargaɗi. Sagan ya ɗauki ƙashin bayan labarin, ya mai da shi bincike a kan yadda mutum ke sanin abu da yadda yake sa wani ya yarda. In kuwa ana neman wanda ya fi su duka zurfi, ni zan nuna Stanisław Lem na Folan. A littafinsa His Master's Voice na 1968 an tara ɗaruruwan masana a hamada a asirce don su fassara saƙo daga sama, suka ƙare kowa yana ganin fanninsa da tsoronsa a ciki, sojoji kuma suna neman makami. Har aka rufe littafin ba a tabbatar ko saƙo ne ba ma. Abin da ya faru tsakanin Paine da Chalmers da Whewell ke nan, Lem ya ba shi jiki.

Ɗokin wancan zamani ya dusashe a hankali, kuma kuɗi ne suka fara yankewa. Hukumar NASA ta ƙaddamar da babban shirin saurarenta a Oktoban 1992, shekara guda bayan haka Sanata Richard Bryan na Nevada ya sa majalisa ta soke kasafinsa. Jill Tarter, wadda Sagan ya ɗauki wani abu na halinta ya gina Ellie, ta ci gaba da aikin da gudummawar masu hannu da shuni. Daga 1999 miliyoyin mutane suka ba da aron kwamfutocinsu na gida ga shirin SETI@home don tace bayanan Arecibo, har aka dakatar da rabon aikin a 2020. A ranar 1 ga Disambar wannan shekara igiyoyin da ke riƙe da na'urorin Arecibo suka tsinke, tan ɗaruruwa na ƙarfe suka rufto kan faifan mai faɗin mita 305.

Amma wani ɓangare na lissafin Drake ya samu amsa. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya tana kewaya tauraron 51 Pegasi, kuma zuwa 2022 waɗanda aka tabbatar sun haura 5,000. Yanzu mun san duniyoyi ba su da wuyar samu. Ko akwai rai a kansu, balle mai hankali, har yau babu wanda ya ji ko tari, sai dai kuma ɗan abin da aka saurara bai taka kara ya karya ba in aka gwada da yawan taurari da zangunan rediyo da suka rage. A 2015 attajiri Yuri Milner ya ware dala miliyan 100 don shirin Breakthrough Listen, wanda ya koma Green Bank ɗin da babban faifai mai faɗin mita 100, ya haɗa da na Parkes a Ostareliya, daga baya kuma da faya-fayan MeerKAT 64 da ke hamadar Karoo a Afirka ta Kudu.