Hawan Jini Ba Ciwon Attajirai Kaɗai Ba Ne

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi wata magana wadda ta daɗe tana damuna.

Ni malamin makarantar allo ne, kuma aikin irin namu yana kai mutum gidajen da ake rashin lafiya da gidajen da aka yi rasuwa. Abin da nake yawan tararwa a shekarun nan shi ne magidanci wanda bai wuce sa'ana ba, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, yana kwance ɓarin jikinsa ya shanye, ko kuwa a ce ya faɗi a shago ko shurawa bai yi ba. In ka tambaya sai a ce iska ce ta buge shi, ko kuma sammu aka yi masa. Sau da yawa kuwa hawan jini ne ya daɗe a jikinsa ba wanda ya auna.

Mun saba cewa ciwon zuciya na masu ci da mai ne. To, jama'a, ku tsaya a bakin titin Kanda ku dubi hannu biyu. Can wajen Kantonmen da unguwar filin jirgin sama akwai itatuwa da tituna masu faɗi, da sassafe za ka ga mai gida da uwargida suna zagaye da ƙafa, kuma likita yana auna su tun ciwo bai kama ba. Nan wajenmu kuwa lungu ne da kwata da hayaƙin gawayi da na mota, ɗaki guda mutum shida, ga zafi ga ƙara, barci ba ya isa, ga tunanin kuɗin haya. Likitoci sun tabbatar hayaƙi da ƙarancin barci da yawan damuwa duk suna wahalar da zuciya. Ba a Ankara kaɗai ba ne. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da misali da birnin Gilasgo, inda ta ce namijin da aka haifa a wata unguwar talakawa ana sa ran ya yi shekara 54, na wata unguwar masu hali da ke kusa da ita kuwa 82.

Wani zai ce ai talaka shi ke motsa jiki, gama shi ke shan wahala. Dā kam haka ne. Kakanninmu fatake da ƙafa suka riƙa kai goro daga Salaga zuwa Kano, tafiyar watanni. Amma yau wahalarmu ta zama ce. Tela yana kan keke, direban trotro yana kan kujera, mai shago yana kan benci, ni ma ina kan buzu tun asuba har hantsi, sa'an nan in za mu tafi nan da can sai mu hau mota. A 1953 wani likita Bature mai suna Jeremy Morris ya bincika ma'aikatan motocin bas masu bene na London. Ya tarar direbobi, da yake wuni suke a zaune, sun fi kamuwa da ciwon zuciya bisa kwandastoci masu hawa da sauka a kan matakala, alhali mota ɗaya suke ciki.

Sai kuma abinci. Ba na kushe koko da ƙosai, ko wake da shinkafa, su suka raine mu. Amma ku lura da gishiri da dunƙulen magi da busasshen kifi mai gishiri da ake zuba wa tukunya guda, da sukarin da muke jibgawa a shayi. Hukumar nan ta ce kada gishirin mutum a yini ya kai giram 5, watau wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma baligi ya yi motsa jiki na minti 150 ko fiye a mako. Tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar, ta cika wannan.

Ga shawarata, in dattawa sun yarda. Na farko, ƙungiyarmu ta tara kuɗi ta sayi abin auna jini, a nemi 'ya'yanmu nas-nas su zauna da shi a ƙofar masallatai ranar Juma'a, a keɓe wa mata nasu lokacin. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ya tafi asibiti da katin inshorar lafiya, in an ɗora shi a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. Asibitin Korle Bu yana da sashen aikin zuciya tun 1989, amma kuɗin aikin ba na mai sayar da goro ba ne, rigakafi kuwa ya fi magani. Na biyu, mai iya tafiya ya taka da ƙafa zuwa kasuwa da babban masallacin Kanda. Na uku, ɗan filin da ya rage a unguwa sarakunan zango su tsare shi kada a sayar a kafa shaguna. Almajiraina in an tashe su, bakin kwata suke buga ƙwallo, ga shi kuwa daga Nima ɗin nan Mohammed Kudus ya fito.

Ajali na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma mai rai an umurce shi da neman magani, kuma magidanci guda in ya kwanta, mutum goma ne suka rasa mai ciyar da su. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Haza wasalam.