Wace Ce Uwa? Tsokaci Kan Ranar Iyaye Mata a Wunti

Duk ɗalibin da ya zauna a ajin nazarin ma'ana ya san cewa kalma ɗaya kan ɗauki kaya fiye da abin da ƙamus ya nuna. A ganina, da wuya a sami kalmar Hausa da ta kai "uwa" ɗaukar kaya. Muna da uwar goyo da uwar riƙo da uwar ɗaki da uwargida. Ƙanwar mahaifiya uwa ce, kishiyar mahaifiya ma uwa ce, haka nan maƙwabciyar da ta isa ta tsawata maka idan ka yi ba daidai ba. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa mai karatu abin da kan faru idan aka ƙuntata wannan kalma, ta hanyar abin da na gani da idona a majami'ar da na tashi a cikinta a yankin Wunti, cikin garin Bauchi.

Ga wanda bai san wurin ba, Wunti sunan ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar Bauchi ne, kuma daga nan kasuwa da shataletale da unguwar suka sami suna. Wuri ne na hada-hada, inda Musulmi da Kirista suke cuɗanya a saye da sayarwa kowace rana. A majami'armu akwai Sayawa da Jarawa da Angasawa da Tangale, amma da Hausa muke sujada, da ita muke waƙa, kuma da ita muke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a shekarar 1932. Saboda haka duk abin da ya taɓa ma'anar kalmar Hausa, ya taɓa ibadarmu.

Ita Ranar Iyaye Mata baƙuwa ce, daga ƙetare ta zo mana ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta Ingila, wadda ɗarikar Angalika take bi, wato Lahadi ta huɗu cikin azumin da ake yi kafin Ista. Wata mata mai suna Constance Smith ce ta dage wajen farfaɗo da ita daga shekarar 1913. Ta biyu kuwa ita ce ta Amurka, Lahadi ta biyu a watan Mayu, wadda Anna Jarvis ta fara a wata majami'a a garin Grafton a 1908 don tunawa da mahaifiyarta da ta rasu a 1905, har Shugaba Woodrow Wilson ya mayar da ita ranar ƙasa a 1914. Abin lura a nan shi ne, matan nan biyu babu wadda ta taɓa haihuwa. Ita kuma mahaifiyar Anna Jarvis ta haifi 'ya'ya fiye da goma, amma huɗu kaɗai suka girma. Da a ƙasar Hausa take, da mai wabi za a ce da ita. Ashe ke nan ranar ta samo asali ne daga marainiya marar ɗa, don tunawa da uwar da ta sha binne 'ya'ya.

A wurinmu ranar takan zo a ƙarshen makon da aka ware wa Zumuntar Mata. Haƙiƙa rana ce mai daɗi. Tun saura wata guda ake zuwa kasuwar Wunti a fitar da anko. Ranar Lahadi mata ne ke jan sujada, su ke karatu, su ke karɓar baiko, ga kiɗan tulu da caki yana tashi har sai wanda ke wucewa a titi ya waiwayo. Bayan wa'azi sai mai gabatarwa ya ce duk wadda ta san ita uwa ce ta miƙe tsaye. A yi tafi, a yi guɗa, sannan a shiga rabon kyauta: wadda ta fi kowa yawan 'ya'ya, wadda ta fi yawan jikoki, da mai jego mafi sabuwar haihuwa. Da nake ƙarami wannan ne wurin da na fi so, domin mahaifiyata na cikin masu tashi.

Sai da na yi wayo na fara lura da waɗanda suke zaune. Akwai wata baiwar Allah mai ɗinki, wadda kusan rabin ankon zumunta daga kan kekenta yake fitowa. Ta shekara fiye da goma sha biyar da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ba ta fashin sujada, amma duk shekara a wannan Lahadi ba a ganin ta. Wata rana na raka mahaifiyata karɓo ɗinki, sai ta tambaye ta dalili. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, wa'azin ba ya damu na. Tashin nan ne. Duk bencinmu a miƙe, ni kaɗai a zaune, kowa yana kallon ƙasa don kada mu haɗa ido." Wannan matar kuwa ita ta riƙe 'ya'yan ƙanin mijinta uku tun suna ƙanana, har ta aurar da babbar.

A nan ne harshe ya shigo. A cikinmu, da zarar mace ta haihu sai sunanta ya ɓace, ta koma Maman wane. Girmamawa ce babba, amma tana da ɗaya gefen. Wadda ba ta haihu ba takan tsufa ana kiran ta da sunan yanka kamar yarinya, ko a laƙaba mata sunan sana'arta. A bayan idonta kuma akwai kalmomi masu ɗaci irin su juya. Bahaushe na da ya san wannan ciwo, shi ya sa ya tanadi magani a cikin al'adarsa. Yakan ɗauki ɗa ya ba 'yar'uwar da ba ta samu ba, ya kuma ce ɗa na kowa ne. Ita mahaifiya kuma ya ɗora mata kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi a gaban mutane. Alkunyar nan tana hana mai ɗa yin tutiya a gaban marar ɗa. Mu kuwa sai muka karɓi baƙuwar rana, muka mayar da haihuwa gasa mai kyautar atamfa.

Yawan waɗanda abin ya shafa ya fi yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A wannan shekarar ce kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sakamakon ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk duniya. Kowace ɗaya daga cikinsu ta bar gida, da yawa kuma sun bar yara. Waɗannan yara su ne ke zaune a gabanmu a makarantar Lahadi, wadda muke kira Sande Sukul.

Lokacin da na fara taimakawa a ajin ƙananan yara, al'adar ita ce a raba musu kwali da fensir mai launi, kowa ya zana fure ya rubuta godiya ga mamarsa, a kai mata bayan sujada. A wata shekara wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya riƙe kwalinsa bai zana komai ba. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwar ƙanwarsa. Da aka zo kansa sai ya ce, "Malama, ni wa zan ba?" Ajin ya yi tsit. Wata tsohuwar malama da ta daɗe tana koyar da yara ta matso ta durƙusa kusa da shi, ta ce, "Ɗana, wa ya yi maka wanka yau da safe?" Ya ce Goggo. Ta ce, "Wa ya dama maka kunu?" Ya ce Goggo. Ta ce, "To, rubuta sunanta da manyan baƙaƙe." Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga jami'a ba, amma ta warware matsalar ma'ana cikin tambaya biyu. Masu iya magana sun ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Abin mamaki, Littafin da muke karantawa bai ɓoye irin waɗannan mata ba. Akwai Hannatu, wadda kishiyarta Feninna take yi wa gori har ta kasa cin abinci, kuma gorin yakan tsananta ne a lokacin zuwa ɗakin ibada. Akwai Saratu da Rahila da Alisabatu da suka daɗe suna jira. Akwai Na'omi da ta binne miji da 'ya'ya maza biyu, surukarta Rut ta zame mata 'ya. Yesu ma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa ga almajirinsa, ya ƙulla uwa da ɗa tsakanin mutanen da jini bai haɗa ba. 'Yan'uwanmu Musulmi su ma sun san darajar Halimatus Sa'adiyya, wadda shayarwa da reno suka ba ta matsayin uwa.

Daga baya, matan zumunta da kansu suka kai maganar gaban dattawan ikilisiya. Ba a rasa masu ja ba. Wasu suka ce ai za a rage wa iyaye mata ladar wahalarsu, kuma wadda ta yi naƙuda tara ta cancanci a tafa mata. Gaskiya ne ta cancanta, kuma babu wanda ya ce a daina. Abin da aka sauya kaɗan ne. Aka bar kyautar yawan 'ya'ya. Mai gabatarwa ya koma cewa duk macen da ta taɓa goya yaro, ko ta ciyar da shi, ko ta koya masa, ta miƙe. Aka sa addu'a ta musamman domin masu jiran haihuwa, da waɗanda suka yi ɓari ko suka rasa ɗa, da marayu, ba tare da an ambaci sunan kowa ko an nuna shi ba. A ajin yara kuma, malamai kan bincika tun kafin ranar su san halin da kowane yaro yake ciki, kuma abin da ake ce musu shi ne su rubuta wa wadda take kula da su. Wanda ya so ya zana fure domin mahaifiyarsa da ta rasu, a bar shi ya zana, ya tafi da shi gida. Ban ce an gama gyara ba, domin har yanzu wani mai wa'azi yakan zo ya yi ta jaddada cewa 'ya'ya su ne rawanin mace. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daga ƙarshe, kirana ga 'yan'uwana ɗaliban harshe shi ne, da yawanmu za mu zama malaman makaranta, ko masu gabatar da shiri a rediyo, ko masu fassara. Wata rana za a miƙo mana wata baƙuwar al'ada a ce mu sa mata rigar Hausa. Kafin mu fassara, mu tambayi kanmu wa kalmar za ta shigar, wa kuma za ta bari a waje. Kakanninmu sun bar mana "uwa" da faɗinta, har ta ishi mahaifiya da mariƙiya da goggo da inna su zauna a inuwa ɗaya. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri, waɗanda suka haife mu da waɗanda suka rene mu, Ya kuma ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Amin.