Tiya 60 da inji ya haɗiye

Daga Gidan Rumji har Gazawa, bisa babbar hanyar kwalta da ta ratsa jihar Maraɗi, da wuya a sami ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati wanda ba a taɓa sallama da wannan magana ba: « Inji ne ya ce. » Mai jiran albashi ya ji ta, mai biyan kuɗin wuta ya ji ta, mai aika kuɗi ta salula shi ma ya ji ta. Da zarar an faɗe ta gardama ta ƙare, sai mutum ya naɗe takardunsa ya fita, domin wa zai yi jayayya da abin da ba shi da kunne? Alhali kuwa inji bai taɓa faɗin kome don ra'in kansa ba. Duk abin da ya bayyana bisa allon kwamfuta, wani ɗan Adam ne ya zauna ya rubuta umarninsa layi bayan layi, cikin wani harshe da aka ƙago domin wannan aiki. Labarin wani saurayi na Cadawa, cikin gundumar Agye, wanda ya shiga koyon ɗaya daga cikin harsunan nan, ya isa shaida.

Uban saurayin Alhaji ne mai sayen gero da wake da aya daga hannun manoma, yana tarawa a mangaza, yana loda wa manyan motoci. Bai taɓa zama bisa bencin lakwal ba, amma kafin mai kalkuleta ya gama latsa lambobi, shi ya riga ya faɗi jimla. Da ɗansa ya ci jarrabawar bak a 2022, ya nemi tafiya Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, Alhaji bai hana ba, amma ya gitta sharaɗin shekara guda. In ya ga amfanin karatun da idonsa, zai ci gaba da biyan kuɗin ɗaki da na abinci. In kuwa bai gani ba, to mangaza tana bukatar mai tsaro, kuma ɗan gida ya fi bare.

Cikin darussan da saurayin ya tarar akwai harshen C, wanda ɗalibai ke kira « Se » bisa lafazin Faransanci. Wani Ba'amurke, Dennis Ritchie, shi ya ƙago shi a 1972 a cibiyar binciken kamfanin Bell. A 1973 aka sake rubuta tsarin Unix da shi, a 1978 Ritchie da Brian Kernighan suka wallafa littafin da ya yaɗa shi cikin duniya, sa'an nan a 1989 aka daidaita ƙa'idojinsa a Amurka. Harshe ne da ya haura shekara 50, amma bai yi ritaya ba. Zuciyar tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya soma a 1991 a ƙasar Finlan, da C aka rubuta ta, kuma bisa ita kowace salula mai Android take zaune, har da wadda ke cikin aljihun Alhaji. Haka nan ƙananan ƙwaƙwalen da ke cikin sikelin zamani da mitar wuta, galibinsu da C ko danginsa ake ba su umarni.

Abu na farko da saurayin ya koya shi ne kwamfuta ba ta jin C kai tsaye. Akwai tafinta a tsakani, wato wani tsari da ke mai da rubutun mutum zuwa lambobin da inji ke ganewa. Tsofaffi sun san tafinta tun zamanin kwamandan, wanda kan ƙara gishiri ko ya rage gwargwadon abin da aka damƙa masa a hannu. Wannan tafinta shi ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya kuma yin uzuri. Kowane umarni sai an rufe shi da waƙafi mai ruwa, in aka mance guda ɗaya cikin layi 200, sai ya ƙi aikin baki ɗaya. Kalmomin harshen na asali 32 ne kawai bisa ƙa'idar 1989, dukkansu daga Ingilishi aka gutsuro su. Ga malami yana bayani da Faransanci, ga ɗalibi yana tunani da Hausa, harshe uku ke nan a kan darasi ɗaya.

Abu na biyu shi ne mazubi. Kafin a ba inji lamba, sai an tanadar mata wurin zama, an raɗa masa suna, an kuma faɗi irin abin da zai ɗauka: int domin cikakkiyar lamba, float domin lamba mai gutsure, char domin harafi. Ɗan mai mangaza bai sha wuya a nan ba, tunda ya tashi ya ga ba a zuba man gyaɗa cikin buhu, ba a kuma zuba gero cikin kwalba. Abu na uku shi ne sharaɗi da maimaici, wato a ce wa inji in kaza ya faru ka yi kaza, ko kuma ka yi ta yin kaza har lokacin da kaza zai cika. Da waɗannan uku ake aza harsashi, sauran duk gini ne a bisansu.

Ana cikin haka wuta ta zama abin nema. Rabon gabashin ƙasa na lantarkin Najeriya daga Katsina yake shigowa, ya sauka Gazawa, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta, ba ta kuma maido ta ba sai Maris na 2024. Tsohuwar kwamfutar da saurayin ya saya ta biyu, batirinta ba ya kai sa'a guda. Dole ta sa ya koma ga littafi da biro, yana rubuta umarni bisa takarda da rana, yana bin su layi layi kamar shi ne injin, yana jiran dare ko za a kawo wuta ya gwada.

Da kaka ta yi, wa'adin Alhaji ya cika. Saurayin ya zo gida da ɗan tsarin da ya rubuta, wanda za a riƙa faɗa wa yawan tiyar da kowane manomi ya kawo, shi kuma ya fitar da yawan buhuna, bisa lissafin da kowa ya sani na tiya 40 a buhun gero mai kilo 100. Ran nan manoma uku suka kawo kaya: na farko tiya 130, na biyu 95, na uku 75. Aka auna, aka ɗure, aka jera. Saurayin ya latsa, inji ya ba da amsa.

« Kai yaro, injinka ya ce nawa? »

« Shida, Baba. »

« To ni ga bakwai da rabi gabana. Buhu guda da rabi cikin wa ya shiga? Ko shi ma injin tuwo yake ci? »

Masu awo da ƴan dako suka bushe da dariya. Saurayin ya rufe kwamfuta bai ce uffan ba, domin ya san ba buhu da rabi kaɗai ke cikin haɗari ba, har da komawarsa Maraɗi.

Daren nan ya gano inda gizo ke saƙa. Layin da ya rubuta shi ne buhu = tiya / 40; kuma mazuban biyu duk na cikakkiyar lamba ne. A ƙa'idar C, in aka raba cikakkiyar lamba da ƴar uwarta, amsa ma cikakkiya take fitowa, abin da ya yi saura kuwa a zubar. Saboda haka 130 ta ba da buhu 3 aka yar da tiya 10, 95 ta ba da 2 aka yar da 15, 75 ta ba da 1 aka yar da 35. Tiya 60 ke nan, buhu da rabi daidai. Sa'ad da yake bin umarnin bisa takarda bai ga ɓarnar ba, domin hannunsa ya rubuta 3 da kwata, abin da yake nufi, inji kuwa ya yi abin da aka rubuta. Magani bai fi layi biyu ba: a fara tara tiyoyi duka kafin a raba, sa'an nan a ƙara saura = tiya % 40; tunda alamar % ita ce ke riƙe ragowar rabo. Da safe inji ya ce buhu 7, saura tiya 20.

Alhaji ya saurari bayani har ƙarshe, ya ce: « Ashe ba shi ya ci ba, kai ne ba ka ce mashi shi aje saura ba. »

« Haka ne, Baba. »

« To wanga yaron shago ne mai amana amma marar wayo. Irinsu sai an tsaya kansu. »

Daga nan tambayoyin suka koma fitowa daga bakin wanda bai yi lakwal ba. In na ce ɗari, nawa zai rubuta? Kowa ya sani ɗarin kasuwa dala ce, wato tamma 500, jika kuwa tamma 1,000, amma inji bai san dala ba sai an gaya masa ya riɓanya da 5. In kuɗi ya yi yawa fa, mazubin nan ba ya cika? Yana cika ƙwarai. Ƙa'idar C ba ta yi alkawarin int zai ɗauki abin da ya wuce 32,767 ba, kuma a kan ƙananan injuna iyakarsa ke nan, abin da kuɗin buhu biyu na wake zai iya zarcewa. Irin wannan ambaliya ce ta hallaka rokar Ariane 5 ta Turai ranar 4 ga Yunin 1996 a Kuru, cikin Giyana ta Faransa, daƙiƙa wajen 40 bayan tashinta. Da wani harshe mai suna Ada aka rubuta umarninta, amma cutar ɗaya ce: an zuba babbar lamba cikin ƙaramin mazubi.

Abin lura ga mai karatu shi ne rabin wannan ilimi yana kasuwa tun tuni. Wanda ya san ma'auni, ya san saura, ya san ba a haɗa dala da tamma cikin jimla ɗaya, ya riga ya mallaki hankalin da C ke nema. Abin da ya rage shi ne haƙurin rubuta wannan sani dalla-dalla ga bawan da ba ya gane ishara. Ma'aikacin da ke zaune bayan allo a buro, in ya fahimci haka, zai daina fakewa da inji, ya duba ko an shigar da lamba daidai, ko kuwa tsarin ne ke da gyara, ya kai magana gaba. Ɗan kasuwar da aka ce wa inji ne ya ce, shi ma yana da haƙƙin neman a sake lissafi gabansa. Muddin kuma tsarin da ke ƙirga hatsin Agye da albashin malamin lakwal na Tibiri daga hannun waɗanda ba su taɓa ganin tiya ba yake fitowa, to dole a yi ta gyara a bayansu.

Kayan koyon ba su da tsada kamar yadda ake zato. Tafintan GCC kyauta ake samunsa tun 1987, tsohuwar kwamfuta ta wadatar, har salula ma tana iya ɗaukar tafinta. Dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Kalmomin C na asali ba za su sake ba, amma sunayen mazubai, irin su buhu da tiya da saura, mai rubutu ne ke zaɓensu, kuma babu abin da ya hana malami ya yi bayanin darasin da harshen da ɗalibi ke tunani da shi.

Alhaji ya biya kuɗin shekara ta biyu. Tun daga lokacin inji ke ƙirga abin da ya shiga mangaza da abin da ya fita, shi kuma yana bin sawunsa da ka, kamar yadda ya saba yi wa kowane yaron shago. Abu ɗaya ne ya hana. Da saurayin ya koyi ajiye bayanai, ya nemi a ba shi littafin bashi ya shigar, domin inji ya riƙa fitar da sunan duk wanda wa'adinsa ya wuce. Alhaji ya ce a'a. Cikin masu bashin akwai wanda gonarsa ta ƙi, akwai wanda ya yi rashi, akwai surukin da ba a aika wa ɗan aike. Ya ce ranar da ɗansa ya iya rubuta waɗannan duka cikin sharaɗi, ya zo su yi magana. Littafin yana nan cikin akwatin ƙarfe, makulli kuma yana aljihun Alhaji.