Tukunyar Inna da kalmar *boil*

A shekarar da nake shirin jarrabawar Bak a Damagaram, malaminmu na Ingilishi ya ba mu wata jimla mu fassara zuwa Faransanci: *The quarrel boiled down to a piece of land.* Na san *boil* tafasa ne, *down* kuma ƙasa, sai na rubuta cewa rigimar ta tafasa sannan ta lafa. Takardata ta dawo da jan layi. Ashe abin nufi shi ne, in an tace zancen, a kan fili kawai ake rigimar. Jarrabawa saura wata biyu, hankalina ya tashi.

Da yamma na zauna a tsakar gida ina juya takardar, Inna tana girki. Ta ce, "Sa mini ido a kan miyar nan, kada ka sauke sai ta tsotse." Ina kallo ruwan yana ja da baya, har ya rage sai kauri da ɗanɗano. Nan na gane *boil down to*: a dafa magana har ruwanta ya tafi, ainihinta ya saura.

Daga ranar na daina haddar jeri, na koma kallon tukunya. *Boil over* shi ne madara ta kumburo ta zube a murhu, don haka ake faɗinsa ga fushin da aka daɗe ana dannewa har ya ɓarke. *Boil away* kuwa ruwa ne ya ƙone ƙurmus, ba a tsira da komai ba.

Faransancin da muka fara koya bai shirya mu ga wannan ba, domin kowace ma'ana da aikatau nata: *bouillir*, *déborder*, *s'évaporer*. Hausa ce ta fi kusa. Dubi zuba, zubo, zube da zubar: saiwa ɗaya ce, ƙarshen kalma ke nuna inda abin ya nufa. Aikin da wasalin ƙarshe yake yi mana, shi *over* da *away* suke yi wa Bature.

Saboda haka, ɗan'uwa mai koyo, in irin wannan aikatau ya ɗaure maka kai, kada ka fassara shi gutsure-gutsure kamar yadda na yi. Fara tambayar kanka abin da ke faruwa a cikin tukunyar, sannan ka nemi inda aka ara shi.